Hoton Malam Ya Fito Fes

Jiya da la'asar ruwan farko ya sauka mana a Keffi. Tun hantsi garin ya ɗaure fuska, ko ganye ba ya motsi, zufa ta gaji da zuba ta koma danƙo a jiki. Can sai hadari ya haɗo ta gabas, iska ta taso ta shiga kakkaɓe mangwaron tsakar gidana, ɗanye da nunanne, suna faɗowa kan kwano kamar ana jifa. Kafin in gama kwashe shanya feshi ya shiga ɗakina ya jiƙa rabin tabarma da gefen katifa. Ba abin mamaki ba ne, ɗakin ba shi da ƙyaure. Labule ne kawai, shi ma ya sha jiki.

Ina cikin matse tabarmar sai ga wayar Rakiya. Ita kaɗai ce 'yar da Allah ya bar mana, tana aure a Mararaba.

"Mama, an yi ruwa a wajenku?"

"An yi, har ya shigo ɗaki ya gaishe ni."

"Kin gani ko? Gobe zan turo miki kafinta. A ce mutum yana da ƙyaure lafiyayye, ya kwantar da shi a bayan ɗaki yana shanyar kuɓewa a kai?"

Na ce mata Allah ya kai mu goben. Na ajiye wayar na zauna a bakin ƙofa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigar mini hanci. Wannan ƙamshi ba ya barina in zauna a shekarar da nake ciki. Duk sanda na shaƙe shi sai ya mayar da ni shekarar korona, lokacin da azumi ya faɗo daidai wannan tsakani, zafi bai tafi ba, damina ba ta zauna ba.

Ni mai tuyar ƙosai ce. Tun ina budurwa nake zama gaban kasko a bakin titi nan unguwar Yara, direbobin hanyar Abuja da 'yan makaranta su ne abokan cinikina. Mijina kuwa, Malam, malamin firamare ne, a Garaku ya yi yawancin aikinsa har ya yi ritaya. Mutum ne mai son abu a rubuce. In ka ce masa an yi ruwa a Garaku, sai ya tambaye ka wa ya gani. Bai taɓa kiran sunana ba sai dai Mai Ƙosai, ko a gaban baƙi, ni kuma na bar shi da halinsa. Yana da ciwon suga, kuma duk unguwa an san haka, domin shi ne mutumin da yake aure da mai ƙosai amma ake ƙirga masa wanda zai ci.

Azumin shekarar ya zo mana a birkice. An sa dokar kulle, an rufe makarantu, masallacinmu na unguwa ladan ya kira salla ya ce kowa ya yi a gida. Titin da ba ya barci ya yi tsit, har kana jin kukan kurciya da tsakar rana. Rijiyarmu ta ja ƙasa, guga sai ya fito da rabin laka, wutar lantarki kuma ta yi tafiyarta ba sallama. Wake ya yi tsada, mai ya yi tsada, masu sayen ma babu. Na tashi daga bakin titi na dawo da murhu tsakar gida, ina tuya kaɗan don maƙwabta. A Yara in magariba ta kawo kai kwanuka ne ke yawo gida gida, wannan ta aiko da kunun tsamiya, waccan da gwate, ni in mayar da ƙosai. Har Maman Istifanus, maƙwabciyata ta jikin katanga, 'yar ƙabilar Mada ce mai zuwa coci, ba ta azumi amma kwanonta ba ya fashi.

A kwanakin farko na azumi Malam ya fara jin jikinsa. Zazzaɓi ne mai zuwa da yamma, da ɗan busasshen tari wanda bai kai a kula ba. Ni kuwa tarina tsoho ne, mun saba da juna, kowace safiya sai na yi shi kafin in hura wuta. Amma a shekarar nan tari ya zama abin kunya, in ka yi shi a cikin mutane sai ka ga an dare. Rakiya ta ji mu a waya, ni na yi nawa shi ya yi nasa, ta tada hankalinta. Hanya a rufe take, ba ta da ikon zuwa, sai ta matsa mana da kuka har muka yarda za mu je asibiti.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi muka je, ta wajen Gangaren Tudu, inda suke da na'urar hoton ƙirji. Sai da aka tada janareta. Aka shigar da mu ɗaya bayan ɗaya, aka ce in manna ƙirjina da wani farantin ƙarfe, in ja numfashi in riƙe. Ƙarfen nan sanyi gare shi, kuma shi ne abu mai sanyi na farko da ya taɓa jikina tun shigowar zafi, har na so a ce ba a ɗauka daidai ba a sake.

Likitan yaro ne matashi, idanunsa kawai muke gani saboda takunkumi. Janareta ya mutu kafin a wanko hotunan, sai likitan ya ɗaga su a jikin taga. Ya fara da na Malam. Haƙarƙari a jere, tsakaninsu baƙi wuluk.

"Baba, naka ban ga komai ba. Ya fito fes."

Ya ɗaga nawa. Ko ni da ban yi boko ba na ga bambanci. Ƙasan ƙirjin, dama da hagu, fari ne dishi-dishi kamar an watsa gari a baƙin zane. Likitan ya daɗe yana kallo, sannan ya ja kujerarsa baya kaɗan. Wannan jan kujerar na fi ji a raina fiye da duk abin da ya faɗa.

"Mama, a ina kike sana'a?"

"Bakin titi."

"Matafiya na tsayawa wajenki?"

"Su ne cinikin."

Ya ce wannan farin yana kama da abin da ake gani a masu cutar. Ya ƙara da cewa, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya faɗa da bakinsa: "Amma ku ji ni da kyau, hoto ba shi ne gwaji ba. Wani yana da ciwon amma hoto bai nuna ba, wani kuma hoto ya nuna alhali wani abu ne daban. Sai an yi gwajin hanci." Ni na ji wannan magana, Malam ma yana zaune. Sai dai kowannenmu ya riga ya ga abin da ya gani a jikin taga, kuma abin da ido ya gani ya fi ƙarfin abin da kunne ya ji ta bayan takunkumi. Malam ya karɓi ambulan ɗinsa ya rungume a ƙirji. A hanyar dawowa keke napep biyu muka hau, ni na ce a yi haka.

Ɗakin Rakiya na 'yanmatanci yana fuskantar tsakar gida, tun da ta yi aure muka mai da shi wurin ajiyar wake. Yana da ƙyauren katako da aka lulluɓe da langa-langa, da sakata ta ciki, da 'yar taga wadda kan mutum ba zai shiga ba. Nan na shimfiɗa katifa. Ba wanda ya kulle ni, ni na tura sakatar da hannuna. An ce cutar ba ta wasa da masu suga, ni kuwa na rantse a raina ba ta hanyata za ta kai ga Malam ba.

Da ma'aikatan lafiya suka zo gida cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, unguwa ta gama sanin abin da ake ciki. Suka zura mini tsinken auduga a hanci har na ga taurari. Babbarsu ta ce kayan gwajin sun yi musu ƙaranci, amma tunda gida ɗaya muke bari a yi wa Baba shi ma. Malam ya shiga ɗaki ya fito da ambulan, ya zaro hoton ya ɗaga musu a rana.

"Ni an riga an duba ni, ga shi. Ku ajiye nawa ku yi wa mai buƙata."

Ta ce to in ya ji wani canji ya kira. Suka ce za a kai nawa Abuja, sakamako zai zo. Ba su ce yaushe ba.

Da yammar nan Malam ya tsaya nesa da ƙyaure ya yanke hukunci irin na malaman makaranta. Ya ce ni marar lafiya ce, in ajiye azumi in sha magani, Allah ya yi mini rangwame. Na ce shi fa, da zazzaɓin da yake kwana da shi?

"Maleriya ce, Mai Ƙosai. Da wane dalili zan sha azumi? Hoto ya ce lafiyata ƙalau."

Haka hoto ya raba mana watan. Ni da nake jin ƙarfina kamar in yi surfe, ina cin abinci da rana tsaka a ɓoye kamar ɓarauniya. Shi da jikinsa ke rawa, yana ɗauke da azumi a wannan zafi.

Kwanukan magariba suka ɗauke ɗif. Ban ga laifin kowa ba a lokacin, yanzu ma ba na gani sosai, amma na ji zafi, kuma ba zan ɓoye ba. Matan da suka ci ƙosaina shekara da shekaru, yanzu in sun zo daidai ƙofar gidanmu sai in ji takunsu ya ƙara sauri. Wata ma ta aiko a tambaya ko ƙosan da ta saya makon jiya zai iya zama da illa. Maman Istifanus kaɗai ta ƙi. Ta ɗaura leda a bakin gorar da suke tsinkar mangwaro, ta miƙo ta saman katanga har bakin tagata.

"Maman Rakiya, kina nan? Karɓa, doya ne da manja. Abeg ki ci, kar ki bar shi ya huce."

"Ba kya tsoro?"

"Ina tsoro mana. Shi ya sa na kawo gora."

Wuni a ɗakin nan dogo ne. Rana in ta daki kwano, ɗakin sai ya zama tanda, buhunan wake suna fitar da wani wari mai ɗumi, ƙwari suna yawo a bango. In jiƙa zane in yafa, kafin in juya ya bushe. Ba abin yi, hannuna da ya saba da buga ƙullu sai ya dinga neman aiki, har na tsince wake rabin buhu ba don za a dafa ba. Akwai tazara kamar faɗin tafin hannu tsakanin ƙyaure da ƙasa. Ta nan nake kwanciya in ga duniya: gindin mangwaro, ƙafafun kujera, da ƙafafun Malam cikin silifas suna zuwa suna komawa. Ban taɓa sanin ƙafafunsa sun tsufa haka ba.

Shi ke girki. Mutumin da tun aurenmu bai taɓa hura wuta ba, ga shi durƙushe gaban murhu yana fifita da murfin tukunya, ni ina ba da umarni ta ƙasan ƙyaure kamar mai koyar da amarya. Ya ajiye mini kwano a bakin ƙofa, ya ja da baya har gindin mangwaro, sannan in zare sakata in miƙa hannu in ɗauka. In ya sha ruwa sai ya jawo kujera, ba kusa ba, ya kunna rediyo mu ji labarin yadda cutar ke cin ƙasashe. Wani lokaci ya kashe mu yi hira. Mun yi hirar da ba mu yi ba a shekarun da muke kwana ɗaki ɗaya, har labarin ranar da ya fara tsayawa gaban kaskona yana ciniki kamar zai sayi saniya.

Miyarsa ce ta fara ba ni dariya. Gishiri kamar an kifar da gwangwani. Na ce, "Malam, so kake ka ƙarasa ni kafin korona?" Ya ce shi fa ya ɗanɗana bayan shan ruwa, salam ya ji, har ƙari ya yi. Wata rana wake ya kama a tukunya, ƙauri ya cika gida har Maman Istifanus ta yi magana ta katanga, shi yana zaune dab da murhu bai ji komai ba. Na yi masa tsiya son raina. Ban san cewa cutar tana ɗauke wa mutum jin ƙamshi da ɗanɗano ba. A lokacin ba wanda ya gaya mana, mu tari da zazzaɓi kawai muka sani, sai kuma hoto.

Ruwan farko na kirki ya zo a goman tsakiya, da la'asar, irin na jiya. Iska ta yi ta jifan kwano da mangwaro, sannan ruwa ya tsuge. Na manna hancina a taga ina shaƙar ƙamshin ƙasa har hawaye ya zo mini. Na ɗaga murya na ce, "Malam, ka ji ƙamshi?"

"Ruwan bana ba shi da ƙamshi," ya ce daga baranda. "Ƙasar ma ta gaji."

Washegari ya ɗauki fartanya ya shuka masara a 'yar gonar bayan gida, tunda ba halin zuwa babbar gonarsa ta hanyar Garaku. Ina jin saran yana tafiya yana tsayawa, yana tafiya yana tsayawa. Da ya dawo ya zauna, numfashinsa har inda nake. Na ce ya ajiye azumin nan, ya kira mutanen nan masu fararen kaya. Ya ce gajiya ce. Na yi faɗa, na yi magiya, na haɗa shi da Rakiya a waya. Ya ce mata, "Ke dai ki yi wa uwarki addu'a, ita ce a kwance. Ni an ɗauke ni hoto." Ambulan ɗin yana ƙarƙashin matashinsa, daga baya a can na same shi.

Sakamakona shiru. Kullum in kira lambar da suka bari, a ce samfura sun yi yawa, a ƙara haƙuri. Tarina yana nan yadda yake tun shekaru, bai ƙaru ba bai ragu ba. Nasa kuwa ya sauya murya, ya koma can ciki. Na fara zargin wani abu, sai in tuna farin nan a jikin taga, in ce to ko ni ce na riga na shafa masa kafin in shiga ɗaki. Wannan tunani ya sa na ƙara riƙe sakata.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, rana ta fito bayan ruwa, ƙasa tana tururi. Ta ƙasan ƙyaure na ga ƙafafunsa sun nufo ni da kwanon kunu. Suka tsaya a tsakiyar fili. Sai kwanon ya faɗi, kunu ya malale, sannan gwiwoyinsa suka biyo baya.

Na zare sakata na fito. Haske ya kashe mini ido. Yana kwance a gefensa, bakinsa a buɗe yana neman iska, leɓɓansa sun yi duhu. Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba. Na taka zan kama shi, sai ya ɗaga hannu, ba magana, tafin hannu kawai. Ni ma a daidai lokacin abin da ke kaina ke nan: mutum yana fama da numfashi, in zo in huro masa cuta a fuska? Na mayar da hannuwana baya na riƙe su. Na tsaya a nan ina ƙwala wa Maman Istifanus kira.

Mijinta Baban Istifanus ne ya shigo da ƙyalle ɗaure a hanci, shi da wani mai keke suka ɗaga Malam. Silifas ɗinsa ɗaya ya zame a zaure. Ina tsaye da hannu a baya har ƙarar keken ta ɓace.

A babban asibiti aka sake ɗaukarsa hoto. Baban Istifanus ya ce mini ta katanga, likitoci sun ce ƙirjin ya yi fari gaba ɗaya, dama da hagu. Aka yi masa gwajin hanci, nasa bai daɗe ba saboda yana kwance, aka ce ita ce. Aka kai shi wurin killacewa aka sa masa iskar oksijin. Nawa sakamakon kuwa sai bayan nan ya iso. Wata murya ta kira ni da rana ta ce, "Mama, albishirinki, ba ki da shi." Ban ce goro ba. Ta ce amma tunda mijina yana da shi, in ci gaba da zama a gida, kada in je asibiti, ko na je ba za a bar ni in shiga ba.

Sau ɗaya muka yi magana. Wata nas ce ta kara masa wayarta a kunne, Allah ya saka mata da alheri. Kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya.

"Mai Ƙosai."

"Na'am, Malam. Ya jikin?"

"An ce... ba ki da shi."

"Haka suka ce."

"Ashe ni ne." Ya yi wani abu mai kama da dariya, tari ya karɓe. Da ya lafa ya ce, "Kina ina?"

Sai a lokacin na duba. Ina zaune a kan katifar nan, a ɗakin wake, sakata a ture. Gida ba kowa, ni kaɗai, amma ƙafata ta saba. Na ce masa ina ɗakin Rakiya.

"Buɗe ƙofar nan," ya ce. "Ki sha iska."

A goman ƙarshe ya rasu, bayan azahar. Ban gan shi ba. Ba a kawo shi gida ba, masu fararen kaya ne suka yi masa sutura, mutane kaɗan suka tsaya nesa nesa suka yi masa salla. Rakiya tana Mararaba tana kuka a waya. Masu ta'aziyya suka tsaya a ƙofar gida suna ɗaga murya, ina amsawa daga tsakar gida. Ranar salla ba wanda ya shigo, sai gorar Maman Istifanus da shinkafa a leda.

Na yi takaba damina tana zuba. Masarar da ya shuka ta fito layi layi, a miƙe kamar ya sa igiya, sai wajen ƙarshe layukan suka fara karkacewa, nan ne inda saran ya dinga tsayawa. Ni na yi mata noma, ni na karye ta, na gasa na ci ina kuka. Ɗakinmu na da na kasa kwana a ciki, sai na zauna a na Rakiya. Amma ranar da na fita takaba na roƙi Baban Istifanus ya zo da abin kwance ƙusa, ya cire mini ƙyauren. Bai tambaye ni dalili ba.

Bayan an buɗe hanya Rakiya ta kai ni wajen wata likitar ƙirji, da hotunan biyu. Ta ɗaga nawa ta tambaye ni shekara nawa nake aiki da itace. Na ce tun kafin a haife ta, ita likitar. Ta ce wannan farin tsoho ne, hayaƙi ne da kuma wataƙila wani ciwon ƙirji da na yi tun ina yarinya. Na tura mata na Malam, na ce to wannan fa, me ya sa ya yi mana ƙarya?

"Mama, bai yi ƙarya ba. Abin da ke wurin ranar ya nuna. A kwanakin farko cutar takan kasance a jiki ba ta taɓa huhu yadda hoto zai gani ba. In kuma ya ga fari, bai san sunan abin da ya kawo shi ba."

"To amfaninsa me?"

"Yana taimakawa, in an haɗa shi da gwaji da yadda mutum yake ji. Shi kaɗai ba ya yanke hukunci."

Na ce haka yaron likitan nan na farko ma ya faɗa. Na tattara ambulan ɗina. Ba ta da laifi, amma na fito ina jin haushinta, da na'urar, da tagar da aka ɗaga hoton a jikinta, da Malam kansa da taurin kansa. Kwana da kwanaki ina da lafiyar da zan dafa masa ruwan zafi, in gasa masa ƙirji, in tsare shi ya ajiye azumi ko ya ƙi ko ya so, in ji zafin goshinsa da tafin hannuna in san wannan ba maleriya ba ce. Ko zai tashi ko ba zai tashi ba, wannan na Allah ne. Ni dai jinyar aka hana ni, kuma ita nake kewa har yau.

Azumin da na sha na rama shi ni kaɗai, bayan kaka, lokacin da ba kowa ke yi ba. In magariba ta yi in soya ƙosai kaɗan in zauna gindin mangwaro. Yanzu azumi ya ja baya, yana zuwa ya wuce kafin ruwa ya sauka. Kwanuka sun dawo yawo a Yara kamar ba a taɓa yin komai ba, ina karɓa ina mayarwa. Yaran unguwa in an ce korona dariya suke yi, wasu ma cewa suke ba a taɓa yin ta ba. Ba na musu da su. Na koma bakin titi da kaskona, tarina yana nan, mun ci gaba da zama lafiya.

Yau da safe kafintan Rakiya ya yi sallama, dattijo ne da jakar kayan aiki da tsani. Na ba shi kujera, na zuba masa kunu da ƙosai mai zafi. Da ya gama na nuna masa inda kwanon baranda yake yoyo, da katakon taga da gara ta ci. Ya duba, ya gyaɗa kai, sannan ya leƙa bayan ɗaki inda ƙyauren yake kwance a kan duwatsu.

"Hajiya, ai 'yarki ƙyaure ta ce in mayar. Ga shi kuwa da sauran ƙarfinsa. Damina ta shigo, feshi zai dame ki."

Na ce ya bar shi inda yake. Ya ce to me zai gaya wa Rakiya?

"Ka ce mata mai gidan ne ya ce a buɗe, kuma bai dawo ya ce a rufe ba."

Ya dube ni, ya dubi labulen. Sai ya ɗauki tsaninsa ya jingina da baranda, ni kuma na ɗebo kuɓewata na baza, tunda rana ta fito.